Da gaske ne masu saka faifai a rediyon Jos na da suna taka doka?

Tambaya: Baba, barka da hutawa. Mahaifina a Gangare ya tashi, kuma duk sanda ya tarar muna sauraron FM sai ya ce mu ba mu san rediyo ba. Wai a zamaninsu akwai masu saka faifai a Jos da ba sa jin maganar manyansu, suna sa waƙar da aka hana, suna magana yadda suka ga dama. Ni kuwa na san lokacin rediyo na gwamnati ne, mulki kuma na soja. Ta yaya haka za ta yiwu? Ko dai daɗin tuna baya ne kawai? An ce min kai ka yi aiki a ciki.

Amsa: Ɗana, mahaifinka bai yi maka ƙarya ba. An yi su, na kuma yi dare da su, gilashi ne kawai a tsakaninmu. Daga ƙarshen shekarun 1970 har cikin na 1990 aikina ke nan a wani gidan rediyon gwamnati a nan Jos: mai gabatarwa yana ciki da makirufo, ni ina waje a teburin sarrafa sauti, hannuna a kan makunnin da ke buɗe muryarsa ko ya rufe ta. Zan sakaya sunan gidan da sunayen mutanen, domin wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma 'ya'yansu na nan cikin gari.

Batun mallaka ka faɗi daidai. Tun daga hukumar watsa labarai ta ƙasa da ta fara aiki a 1957, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962, har garambawul ɗin 1978 da ya haifar da Rediyon Tarayya ya bar wa jihohi tashoshinsu, babu ɗan kasuwar da ke da ikon buɗe rediyo a Najeriya. Sai a 1992, zamanin Janar Babangida, dokar soja mai lamba 38 ta buɗe ƙofa, Raypower ta fara a Legas a 1994. Don haka wanda ku kuke kira DJ, a wurinmu ma'aikacin gwamnati ne kamar akawun ma'aikatar ayyuka. Yana da fayil, yana da matakin albashi, kuma akwai wanda zai iya jefa masa takardar tuhuma da safe.

Ƙa'idojin kuwa a rubuce suke. Abin da za ka faɗa, furodusa ya gani ya sa hannu. Faifan da za ka sa, daga ɗakin ajiya za ka karɓo, ka sa hannu a littafi, ka mayar ka sake sa hannu. Kowace waƙa ta fita sai an rubuta ta a takardar aiki: sunanta, mai ita, da mintin da ta shiga. A ɗakin ajiyar akwai faifan da aka manna wa takarda da haruffa huɗu, NTBB, ma'ana kada a kuskura a watsa. Wani saboda batsa, wani saboda ya taɓa hukuma, wani kuma ba wanda zai iya gaya maka dalili, wani babba ne ya ji bai yi masa ba. Gwamnatin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu har karce waƙar take sa a yi a jikin faifai don kada allura ta bi ta kai. Mu takarda kawai ake mannawa, takarda kuwa ana iya ɗaga ta. Ba a ambatar sunan shago ko kamfani sai ya biya. Ba a karanta sanarwa ko cigiya sai da rasit. Lokacin labaran ƙasa daga Legas ya yi, ko kana tsakiyar kalma ne sai ka yi shiru a haɗa.

To ta ina aka samu kafa? Ta dare. Ƙarfe uku da rabi manya sun kulle ofis sun tafi gida. Daga magariba har a rufe tasha da taken ƙasa, ginin nan ba kowa sai mai gabatarwa, da ni, da jami'in da ke kan aiki, da maigadi, da injiniya can wurin tiransimita a bayan gari. Shirin kuma kai tsaye ne. Magana zarar bunu ce, in ta fita ta fita, iyaka gobe a yi faɗa. Duk wanda ya zauna gaban jar fitilar da ke nuna ana kan iska ya san wannan. Yawancinsu sanin ya sa su taka-tsantsan. 'Yan kaɗan ne ya sa su ƙarfin hali, kuma su ne mahaifinka yake tunawa.

Akwai ɗaya da ba zan manta ba. Siriri ne, ba shi da yawan magana a waje, kullum da tsohuwar jakar fata a hammata. Faifansa ne a ciki, na kuɗinsa, abin da doka ta hana shigowa da shi sitidiyo. Wasu ya saya a shagunan da ke wajen Ahmadu Bello Way, wasu direbobin Legas da 'yan kasuwar Anacha ke kawo masa, wasu kuma daga hannun tsofaffin ma'aikatan kuza 'yan Gana da Saliyo da suka zauna a Bukuru. Ɗakin ajiyarmu sai ya yi wata da watanni sabon faifai bai shigo ba, jakarsa kuwa ba ta mako biyu ba ta canza ba. Kuma ya iya aikin, wannan ka riƙe shi. Zai ɗora allura, ya juya faifai da yatsa har ya ji farkon sauti a kunnensa, ya mai da shi baya kamar rubu'in zagaye don injin ya ɗau gudu kafin kiɗa ya shigo, sannan ya ci gaba da magana kamar ba abin da yake jira. Kalmarsa ta ƙarshe tana sauka ganga tana tashi. Ban taɓa jin ya taka muryar mawaƙi ba, ban taɓa jin ya bar iska ta yi shiru na daƙiƙa biyu ba.

Bayan sojoji sun ƙona gidan mawaƙi Fela Kuti a Legas a watan Fabrairun 1977, faifansa da yawa a wurinmu sun sha takarda. Wani dare cikin hunturu, sanyin Jos na shiga har ƙashi, na ga mutumin nan ya zaro faifai daga kwalin wani mawaƙin karkarar Amurka. Da ya ɗora sai na hango tambarin tsakiya ta gilashi, na gane ba shi ba ne. Na dube shi, ya dube ni, ya ɗaga yatsa ɗaya, wato in ba shi minti. Ka san waƙoƙin Fela, ɗaya takan cinye fuskar faifai guda, kuma sai an daɗe ana ganga da ƙaho kafin ya buɗe baki. Wannan ne makaminsa. Ya saki kiɗan, ya yi ƙasa da murya yana gai da masu gadi, da masu shayi a tashar Bauchi Road, da direbobin da suka kwana a hanyar Akwanga, yana ce musu su ƙara bargo. Kiɗa na tafiya, gabana na faɗuwa, domin barikin Rukuba ba nisa gare shi ba, kuma su ma suna da rediyo. Yatsana na kan makunni. Saura ƙiris murya ta shigo, ya zame kiɗan a hankali ya shigar da wani faifan, ko ɗinkin ba ka ji. A takardar aiki ya rubuta: kiɗa zalla.

Ko kalma ɗaya ta haram ba ta fita ba. Amma duk wanda ya san waƙar ya rera sauran a ransa, kuma da safe a kasuwar Terminus zancen ke nan. An kira shi ofis, aka ce ya sa faifan da aka hana. Ya ce a nuna masa kalmar da ya watsa. Aka ja masa kunne aka sallame shi. Ni ma an tambaye ni me ya sa ban yanke ba, na ce ban ji abin yankewa ba, kuma har yau a kan wannan amsar nake.

Sai dai in ka tambaye ni dokar da suka fi takawa, wadda kuma ta fi sa mutane ƙaunarsu, ba ta siyasa ba ce. Ta harshe ce. A tsarin gidan, kowane harshe da akurkinsa. Shirin kiɗan zamani da Turanci ake yin sa, Turancin ma irin na makaranta. Hausa tana da lokacinta, kuma Hausar Kaduna ake so, mai ƙa'ida. Birom da Angas da Tarok da sauran harsunan Filato suna da 'yan mintocinsu na labarai. Kiɗan gargajiya da rana, kiɗan waje da dare, ba a gauraya. Wanda ya tsara wannan a takarda ya tsara shi, bai tsaya bakin kasuwa ya saurari Jos ba. Garin da kuza ta tara Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Urobo da mutanen Gana a kan ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, mutum ɗaya yakan yi ciniki da harshe uku kafin ya sayi tumatir. Akwai kuma Hausar Jos, wadda Bakano zai ji ya ce an karya, alhali ita ce ta haɗa mai doya daga Shendam da mai dankali daga Bokkos.

Su waɗannan mutanen da yaren gari suka yi magana. Ana tsakiyar shirin Turanci sai ka ji an ce, “Mai shayi na kwanar Dilimi, a ƙara madara, ga baƙi nan tafe,” a juya zuwa buroka, a gai da wata tsohuwa da harshenta, a dawo. Mutumin jakar nan yakan sa kiɗan Kwango, yana ƙarewa sai ka ji kuntigin Ɗan Maraya, daga nan a faɗa rege. Manya suka ce wannan hargitsi ne, ya zubar da darajar tasha. Ni kuwa a ganina a nan ne tashar ta zama ta mutane. Ɗan Maraya a cikin garin nan yake zaune, ana ganinsa a hanya, har ya rasu a 2015; a ce kuntiginsa bai isa ya zauna kusa da faifan Landan ba, wannan raini ne, ko da wanda ya kafa dokar bai nufi haka ba. Wasiƙu da katunan zaɓi sonka su suka raba gardama. Buhun shirinsa ya fi na kowa cika, daga Pankshin, daga Toro, daga Saminaka, duk inda matsakaicin zango ya kai da dare.

Ba maza kaɗai ba ne. Akwai wata abokiyar aikinmu mai shirin gaishe-gaishe, mace mai natsuwa, wadda ba za ka taɓa zaton za ta ƙetare layi ba. Wata ranar Disamba wajen ƙarfe tara na dare maigadi ya leƙo ya ce ga wata mata a bakin ƙofa tana kuka. Ɗanta ɗan shekara biyar ya ɓace mata a kasuwa tun la'asar, ta zaga ofishin 'yan sanda, ta zaga wurin mai unguwa, wani ya ce ta zo rediyo. Ofishin talla a kulle, mai rasit ya tafi gida, jami'in da ke kan aiki ya ce shi ba zai ɗau wannan nauyi ba, ta dawo da safe. Abokiyar aikinmu ta sa dogon faifai, ta fita da gudu ba ko mayafi, ta dawo da kwatancen yaron a bayan wani katin zaɓi sonka. Ta zauna, ta yi min alama, na buɗe mata. Ta ce wannan gaisuwa daga wata uwa ce zuwa ga duk wanda Allah ya sa ya tsinci yaro mai shuɗiyar riga da tabo a goshi, uwar tana nan ƙofar gidan rediyo tana jira cikin sanyi. Ta faɗa da Hausa, ta faɗa da Turanci, ta faɗa da buroka. Bayan kowace waƙa ta maimaita.

Kafin mu rufe tasha wata mai sayar da kayan miya ta iso a bayan babur, yaron na goye a bayanta yana barci, ta lulluɓe shi da zanenta. Ta ce ta ga yana yawo shi kaɗai da kasuwa ta tashi, ta kai shi gida ta ba shi tuwo, tana shirin kai shi wurin mai unguwa da safe sai maƙwabcinta ya ƙwanƙwasa ya ce ta kunna rediyo. Ba addininsu ɗaya da uwar ba, ba yarensu ɗaya ba. Na ga yadda suka rungume juna a ƙarƙashin fitilar ƙofa. Kwana biyu bayan haka takardar tuhuma ta fito, aka cire kuɗin cigiya sau uku daga albashin abokiyar aikinmu. Ta sa hannu ba ta ce uffan ba.

Kada kuma in bar ka da zaton duk wanda ya taka doka gwarzo ne. Akwai waɗanda don aljihunsu suka yi. Mawaƙi ko mai shagon faifai ya ba su na goro, sai ka ji waƙa ɗaya sau huɗu a dare guda, wanda ba shi da abin bayarwa kuma faifansa ya yi ta shan ƙura. Wannan cuta ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka har majalisa ta zauna a kanta wajen 1960, ta kuma kawo ƙarshen tashen Alan Freed, ɗaya daga cikin manyan masu saka faifai na can. Akwai masu karɓar kuɗi kafin su karanta katin gaisuwa, katin da talaka ya riga ya saya. Akwai mai zuwa aiki da warin burkutu, in yi ta kama masa shiri da faifai har ya dawo hayyacinsa. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne wanda ya mai da makirufo abin habaici: yarinya ta ƙi shi, ya dinga sa waƙar cin amana yana kwatanta layinsu har kowa a unguwar ya gane. Maganar aurenta da wani ta lalace a kan haka. Shi kam da na yanke shi a iska ban yi nadama ba, kuma da aka kore shi ban je ban-haƙuri ba.

Abin da ya raba su a idona shi ne wa aka yi wa. Mutumin jaka da matar nan sun san doka sarai, sun fi mai dokar sanin aikin, kuma duk sanda suka ƙetare ta mai sauraro ne ya amfana, su kuma suka biya. Biyan ma ba ƙarami ba ne. Ana dakatar da mutum wata guda ba albashi. Ana hana shi ƙarin girma shekara da shekaru, yaran da ya koya wa aiki su zama shugabanninsa. Mafi zafi shi ne a ɗauke shi daga iska a kai shi rajista yana jera fayil, ko a tura shi tiransimita ya zauna da ƙarar janareto. Mutumin jaka sau biyu ana yi masa haka, sau biyu wasiƙun masu sauraro suna dawo da shi.

Suna kuma da iyaka, sun san inda wuta take. Jos gari ne da ya ga abin da ya biyo bayan yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairun 1976, wanda ta rediyo aka sanar da shi, aka kuma harbe tsohon gwamnan Jihar Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, a kansa. Ba wanda ya manta. Ranar da aka wayi gari da kiɗan soja, kamar 31 ga Disambar 1983, kowa bin takarda yake yi harafi da harafi. Da doka mai lamba 4 ta fito a 1984, aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu shekara guda, jakar fatar nan ta daɗe ba ta shigo gidan ba. Masu karatun tarihin rediyo sukan kawo labarin Radio Caroline, jirgin ruwan da ya tsaya a teku kusa da Ingila daga 1964 yana watsa kiɗan da BBC ba ta ba wa lokaci. Su suna da teku a tsakaninsu da hukuma. Namu a cikin gidan hukumar suke, da katin shaidarta a aljihu, kuma kowa ya san ƙofar gidansu.

Abu ɗaya da ban taɓa jin waɗanda nake yabo sun taɓa ba shi ne addinin wani ko ƙabilarsa. Ba don an rubuta ba, su da kansu ba sa yi. Lokacin ban ɗauki wannan da nauyi ba. Sai bayan rikicin Satumbar 2001, da na ga unguwannin da katunansu ke zuwa cikin buhu ɗaya sun rabu, mai shayin Dilimi ba ya iya kwana inda ya saba, na gane abin da kalma ɗaya a iska za ta iya yi wa gari irin namu. Shi ya sa in na ji yaro a tashar zamani ya buɗe layin waya yana barin mai kira na zagin wasu, ya ɗauka jarumta ce, raina yakan ɓaci. Yanzu tashoshi sun yi yawa, hukumar kula da kafafen watsa labarai na saurare, kwamfuta ce ke jera waƙoƙi, mai talla kuma ya fi darakta ƙarfi. Akwai yara masu hazaƙa, ina jin su. Amma gaurayen harshen da aka ba mutane takardar tuhuma a kansa, yau shi ake koya wa sabon ma'aikaci, ba tare da an san wa ya fara shan wuya a kai ba.

In kana neman ka ji da kunnenka, a nan ne zan ba ka haƙuri. Shirin dare ba a ɗaukarsa, wanda aka ɗauka ma zaren tef tsada gare shi, sai a goge a ɗora wani a kai. Da hannuna na goge da yawa, umarni ne. Abin da ya rage yana hannun masu sauraro. Ni kaset ɗaya gare ni, wani tela a Nasarawa ya ba ni shekarun baya, ya ɗauka daga rediyonsa yana ɗinkin Sallah. Ana jin ƙarar keken ɗinki a farko kafin ya tsaya. Sai muryar mutumin jaka, ƙasa-ƙasa, yana cewa sanyi ya sauko, wanda ke da bargo biyu ya duba maƙwabcinsa. Sai kiɗan Kwango, sai kuntigi. Ya fara karanta katin wata mata daga Barikin Ladi zuwa ga mijinta direba, ya kai ga sunan garin da mijin ya tafi, kaset ɗin ya ƙare. Ka zo da mahaifinka wata Asabar bayan la'asar, rediyona mai kaset tana aiki har yanzu, in sa muku.